Yadda Za Ka Mayar da Ajin Aljabara Zauren Muzakara

Ranar da na fara tunanin sauya yadda nake koyar da lissafi, ina tsaye ne gaban 'yan SS2 a wata makarantar gwamnati a jihar Kebbi, allo ya cika fal da rubutuna. Na tambaye su fomular warware kwadiratik, wato lissafi mai siffar ax² + bx + c = 0, fomular nan mai b² − 4ac a cikinta, suka kawo ta baki ɗaya kamar masu biya hadda, ba wanda ya yi tuntuɓe. Sai na ce, "To, wannan 4 da ke manne da ac, daga ina ta fito?" Aji ya yi tsit. Yaron da ya fi kowa maki a gwajin da ya wuce ya sunkuyar da kai yana juya biro. Yara ne masu kai, wasunsu sun haddace izu talatin ko fiye, amma fomular da ke bakinsu ajiya ce na ba su, kuma duk ranar da mai tambaya ya ɗan juya tambayarsa sai ajiyar ta zube.

Wannan jagora ta malamin da ke koyar da aljabara mai zurfi ce a SS2 da SS3, ko a cikin lissafin kowa da kowa, ko a darasin da WAEC da NECO ke kira Further Mathematics. Abin da nake so ka gwada shi ne ka bar ɗalibai su kawo mafita da kansu, su tsaya gaban 'yan'uwansu su kare ta, a yi musu tambaya, a gyara musu, kai kuma kana gefe kana tuƙi.

Kada wani ya ce maka baƙon abu ne. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure a Gwandu ko Jega ko Birnin Kebbi ya san bayan malam ya biya karatu almajirai kan koma gefe su yi muzakara, wannan ya kawo fahimtarsa, wancan ya ce ba haka ba ne, har a warware ko a koma wa malam da tambaya. Turawa ma suna da nasu. A Amurka akwai makarantar sakandare mai suna Phillips Exeter, wadda a 1930 wani attajiri, Edward Harkness, ya ba ta kuɗi don a riƙa zaunar da ɗalibai kimanin goma sha biyu a kewayen teburi ɗaya tare da malaminsu. Malaman lissafinsu jerin tambayoyi suke ba ɗalibai a madadin littafin darasi. Mu ba mu da teburin nan, kuma ajinmu yakan kai mutum sittin. Don haka abin da zan faɗa na mai aji sittin ne, da benci, da alli.

Fara da raba abin faɗa da abin ganowa

Kafin zango ya fara, ɗauki manhajarka ka zauna da ita. Akwai abubuwan da yarjejeniya ce kawai ta masana: yadda ake rubuta log, ma'anar alamar Σ, sunan da ake kiran kowane abu. Waɗannan faɗa musu za ka yi kai tsaye, ɓata lokaci ne ka ce yaro ya gano su. Akwai kuma abubuwan da ke da dalili: me ya sa lamba in aka ɗaga ta zuwa sifiri take ba da 1, me ya sa ragowar raba lissafi mai x da x − 2 yake daidai da abin da za ka samu in ka cusa 2 a madadin x, me ya sa ake juya bakin alamar rashin daidaito in an ninka da lambar da ke ƙasa da sifiri. A gefen kowane babi rubuta irin wannan tambaya guda ɗaya ko biyu. Su ne abin muzakara.

Tsara tambayoyin mako

Nan aikin yake, kuma nan ne malamai da yawa suke faɗuwa. In ka kwaso tambayoyi goma iri ɗaya daga littafi ka ce a tattauna, babu abin tattaunawa, wanda ya iya ya yi, saura su kwafa. Tambayar muzakara tana da alamominta: kowa zai iya sa mata hannu ko da bai kai ƙarshe ba, ana iya bi mata ta hanya fiye da ɗaya, kuma tana da ramin da mai gaggawa zai faɗa.

Shida zuwa takwas sun isa mako guda. Jera su yadda kowace za ta zama matakalar ta gaba. Ga jerin da nake bayarwa a makon da muke shiga cika murabba'i:

Ta farko, zana murabba'i mai gefe 7 + 3, ka yanka shi gida huɗu, ka faɗi faɗin kowane gida. Za su sami 49, 21, 21 da 9, jimla 100. Wannan zane shi kaɗai yana kashe tsohuwar cutar nan ta cewa (a + b)² daidai yake da a² + b², domin yaro ya ga gidaje biyu na 21 da idonsa. Ta biyu, maimaita zanen da gefe x + 5. Ta uku, warware x² + 10x = 39 ba tare da fomula ba. Ta huɗu, x² + 6x = 16. Ta biyar, 2x² + 10x = 48. Ta shida, x² + bx = c.

Ka lura ban koya musu komai ba kafin in ba su. Abin da ake buƙata a ta uku yana ɓoye a ta biyu, ta biyar kuma ta ƙara ƙaya ɗaya, wato 2 da ke gaban x².

A ƙarshen takardar ina sa tambaya ɗaya da ba ta cikin babin da muke ciki, wadda za ta share fagen abin da zai zo nan da mako uku. Misali, tun muna kan kwadiratik sai in ce su cusa 1, 2, 3 da −2 a cikin x³ − 2x² − 5x + 6 su rubuta abin da ya fito. Za su sami 0, −4, 0 da 0. Ba na cewa komai a kai. Ranar da muka zo rabon folinomiyal, wato irin wannan lissafi mai x³ da x², suka raba shi da x − 2 suka ga ragowa −4, wani zai ɗaga kai ya ce ya taɓa ganin lambar nan.

In makaranta ba ta da kuɗin fotokwafi, monita ya rubuta tambayoyin a gefen allo ranar Juma'a kowa ya kwafa. Minti goma ne.

Gyara zama

Kada ka tsaya jiran kujeru na musamman. 'Yan benci na farko su juya su fuskanci na biyu, na uku su fuskanci na huɗu, ka sami rukuni na mutum huɗu zuwa shida. Kai za ka raba rukunin, kuma ka riƙa sauya shi duk bayan mako biyu, in ba haka ba masu ƙoƙari za su dunƙule wuri guda, saura su koma 'yan kallo.

Allo kuma ba zai ishe ka ba. Raba shi da alli gida huɗu daga sama zuwa ƙasa. Nemi falankin katako biyu ko uku wajen kafinta, a shafa musu baƙin fenti, a jingina a bango ta baya da gefe. Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, in kwano ya ɗauki rana aji ya zama tanderu, kwashe falankan ku koma gindin dogonyaro. Dalilin yawan allo shi ne aikin da aka yi a littafi na mai shi ne kaɗai, wanda aka rubuta a tsaye kuwa kowa na ganinsa, kowa na iya sa baki.

Makon farko

Yaranmu an tarbiyyantar da su a kan kada su yi jayayya da na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma in ba ka buɗe musu ƙofa da bakinka ba, za su ɗauka tambayar dalili rashin kunya ce. Ranar farko faɗa musu a fili: a wannan aji, wanda ya fito ya yi kuskure a allo ya taimake mu, babu bulala a kan amsa, babu dariya. Ka cika alkawarin nan. Sau ɗaya ka tsawata wa wanda ya kuskure, ka rasa ajin har ƙarshen zango.

Sannan ka ba su kalmomin da za su yi tambaya da su, domin da yawa suna da tambayar a ciki amma ba su san yadda za su fito da ita cikin ladabi ba. Ni nakan rubuta uku a saman allo, ba a gogewa: Daga ina wannan ya fito? Ta yaya za mu tabbatar? Akwai wata hanya?

Tambayar buɗe baki ta zama mai sauƙi, daga rayuwar da suka sani. A ajin da yawancinsu 'yan Islamiyya ne nakan kawo rabon gado: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, babu wani magaji bayan su. In kowace ɗiya ta sami naira 150,000, nawa ne dukiyar da aka raba? Sun san mata tana da tumuni, sun san namiji yana da rabon mata biyu. Kaso bakwai ke nan, 1,050,000, wanda shi ne bakwai bisa takwas na dukiyar, don haka dukiyar 1,200,000 ce. Yaron da bai taɓa buɗe baki a darasin lissafi ba za ka ji shi yana gyara wa na gabansa, domin a nan shi ne masani. In kana koyarwa a inda ajin ya haɗa Musulmi da Kirista, kamar ƙasar Zuru, zaɓi abin da kowa ya sani daidai: adashe, rabon ribar shinkafa tsakanin mai gona da mai injin ban ruwa, ko kuɗin mota.

Yadda darasin yake tafiya

A ce kana da firiyod biyu a haɗe, minti 80. Minti goma na farko, wakilan rukuni suna rubuta mafitarsu a alluna, saura suna gwama littattafansu. Kai kana zagayawa kana leƙe, ba ka gyara wa kowa, kana dai lura da wanda ya bi wata hanya daban da wanda ya faɗa rami mai amfani. Su za ka kira, da gangan, kuma kada ka fara da mafi kyawun aiki. Fara da wanda ya tsaya a rabi. Minti 45 zuwa 50 na gaba na bayani da jayayya ne. Minti goma naka ne, ka ɗaure abin da aka gano, ka ba shi sunansa na littafi da Turanci. Goman ƙarshe kowa ya yi shiru ya rubuta da hannunsa abin da ya fahimta, ya warware tambaya ɗaya sabuwa shi kaɗai. In firiyod ɗaya ce mai minti 40, tambaya biyu sun isa, kada ka yi haɗama.

Bari in nuna maka da x² + 10x = 39. Rukuni na farko suka ce sun yi ta gwada lambobi har 3 ta shiga. Na ce madalla, amsa ta fito, to in da 39 ta zama 40 fa? Suka ga gwaji ba zai kai su ba. Sai wata yarinya daga baya ta fito, ta zana murabba'i mai gefe x, ta manna masa dogon gida mai faɗin 5 a dama, wani mai faɗin 5 a ƙasa. Kafin ta ci gaba wani yaro ya ɗaga hannu, ba ni ya kalla ba, ita ya kalla: "Mi yas sa anka raba goma gida biyu?" Ta ɗan yi jim, ta ce in ta bar goman a gefe ɗaya abin zai yi tsawo, ba zai koma murabba'i ba. Wani ya nuna kusurwar da ta rage ya ce, "Ga lungu nan ya saura, babu komi cikinai." Ta ce lungun biyar sau biyar ne, 25. In an cika shi, 39 ta zama 64, gefe ya zama 8, a cire 5, saura 3.

Duk wannan ban ce uffan ba, sai da suka gama na tambaya: "Akwai wata lamba da in ta ninka kanta za ta ba da 64?" Aka jima, sannan wani ya ce −8. Ke nan x na iya zama −13. Suka gwada: 169 a cire 130, 39. Ta shiga. To me ya sa zanen bai nuna ta ba? A nan aka yi jayayyar da ta fi komai daɗi a ranar, har suka tsaya a kan cewa zane tsawo yake aunawa, kuma babu tsawon da ke ƙasa da sifiri.

A minti goma nawa sai na faɗa musu tambayar nan ta haura shekara dubu da ɗari biyu. Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ne ya kawo ta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin halifa al-Ma'amun, a littafinsa na hisabin al-jabr da al-muƙabala, wanda daga sunan littafin ne kalmar aljabara ta fito. Da kalmomi ya rubuta ta, babu x babu alama, da zane ya kafa hujjarta, kuma shi ma 3 kaɗai ya karɓa. Babban kaso na littafin ma a kan wasiyya da rabon gado yake. Ka ga fuskokin yara lokacin da suka ji hanyar da 'yar'uwarsu ta bi ita ce ta mai littafin.

Mako na gaba suka yi wannan aiki da ax² + bx + c = 0. In ka raba da a, ka raba abin da ke gaban x biyu, ka ninka shi da kansa, za ka sami b²/4a². Ga 4 ɗin da na tambaya a farko: biyun da aka raba da ita ce ta ninka kanta. Daga ranar ba wanda ya sake rubuta fomular da kuskure ya kasa gyara ta da kansa.

Riƙe bakinka

Wannan ya fi kowane mataki wuya. Mun saba in yaro ya yi shiru daƙiƙa biyu mu cike masa. In ka yi tambaya, ƙirga goma a zuciyarka kafin ka sake magana. In aka tambaye ka, "Malam, daidai ne?" mayar da tambayar ga aji: "Ku na benci na uku, kun yarda?" Kuma ka kula da fuskarka, domin yara sun iya karanta ta. In kana murmushi ga amsa daidai kana ɗaure fuska ga kuskure, fuskarka za su riƙa kallo, su bar allo. Tsaya a bayan aji, yadda mai bayani zai ɗaga murya ya kuma fuskanci 'yan'uwansa.

Kuskure kuwa bar shi ya zauna a allo har wani ya gano. Ba su √(x + 7) = x − 5. Kusan kowa zai ninka kowane gefe da kansa, ya sami x² − 11x + 18 = 0, ya ce amsa 2 ko 9. Kada ka ce komai, nuna musu tambaya ta biyu da ke saman allo. Da sun cusa 9 za su ga 4 da 4. Da sun cusa 2 za su ga 3 a hagu, −3 a dama. Daga ina baƙuwar amsar ta shigo, alhali ba wanda ya karya doka? Bar su da ita. Za su kai ga cewa 3 da −3 ba ɗaya ba ne amma in kowace ta ninka kanta 9 take bayarwa, don haka a wannan matakin ne ƙofa ta buɗe. Haka x² = 5x: wanda ya raba da x ya sami 5 ya jefar da sifiri bai sani ba.

Wata tambayar da ba ta taɓa kasa tayar da aji ba: mai lambun albasa a Aliero yana da wayar shinge mita 40, zai kewaye wurin renon iri a jikin katangar gidansa, gefe uku kawai ke buƙatar waya. Wane awo zai ba shi fili mafi girma? Mafi yawa za su ce murabba'i, su raba 40 gida uku, su sami fili kusan 178. Wani rukuni zai zo da 8 da 24, wato 192, jayayya ta kaure. Ce musu su yi jadawali. A kira kowane gefen da ya taso daga katanga x. Gefe 9 zai ba da 198, 10 ya ba da 200, 11 ya koma 198, 12 ya koma 192. Sun ga tsauni da idonsu, hawa da sauka iri ɗaya. Amma wa ya ce 10.1 ba ta fi ba? Jadawali ba zai amsa ba, sai an rubuta 40x − 2x² a matsayin 200 − 2(x − 10)². Abin da ake cirewa daga 200 ba ya taɓa yin ƙasa da sifiri, don haka ba za a wuce 200 ba. A nan suke ganin amfanin cika murabba'i ya wuce warware tambayar jarrabawa.

Akwai lokacin da dole ka shiga: in jayayya ta koma zagaye wuri ɗaya fiye da minti biyar, ko aji duka ya amince da abin da ba daidai ba kuma ƙararrawa ta kusa. Kada su tafi gida da kuskure a matsayin gaskiya. Ko a nan, misali ɗaya da zai rushe maganarsu ya fi dogon bayani.

Hausa ko Turanci?

Ra'ayina a fili yake. A cikin rukuni bar su su yi da Hausa, ko Zabarmanci, ko Dakarci, duk harshen da tunaninsu ke gudu a cikinsa. A allo rubutu da Turanci ne, sunayen abubuwa da Turanci ne, domin da shi jarrabawa za ta zo. Mai bayani ya fara da Turanci, in ya maƙale ya ƙarasa da Hausa, sannan wani ya taimaka a mayar da jimlar. In ka hana Hausa gaba ɗaya, mutum biyar ne za su yi magana, kuma ba lalle su ne suka fi gane lissafin ba.

Masu shiru da masu cinye fili

Riƙe takarda mai sunayen aji, duk wanda ya yi magana ka sa masa ɗigo. Bayan mako biyu duba ta. Ni da na fara yin haka a aji mai haɗe maza da mata, na tarar layin 'yan mata kusan fari fat, alhali littattafansu sun nuna sun yi aikin. Abin da ya yi mini magani shi ne in leƙa littafin yarinya tun ana aikin rukuni, in na ga hanyarta mai kyau ce in ce mata a hankali, "Wannan za ki nuna mana anjima, ki shirya." Ta sami lokacin tattara kanta, kuma ta san ba tarko ba ne. Barin mutum biyu su fito tare, ɗaya na rubutu ɗaya na bayani, shi ma yana rage nauyi.

Mai cinye fili kuma kada ka kashe masa gwiwa. Kira shi gefe ka ba shi aiki: yau ba zai ba da amsa ba, tambaya kawai zai yi. Yana daga cikin waɗanda za su fi ƙaruwa.

Shugaban makaranta da jarrabawa

Je ka sami shugaban makaranta tun kafin ka fara. Mai wucewa ta taga zai ji hayaniya ya ga malami a bayan aji, ya ɗauka ba a aiki. Gayyace shi ya zauna darasi ɗaya, ka nuna masa takardar tambayoyinka da yadda ta bi manhaja.

Zai tambaye ka batun gama manhaja, kuma yana da gaskiya. Makonni uku ko huɗu na farko za ka ga kana baya. Amma babin da aka gane ba ya buƙatar a sake shi a SS3, kuma ba kowane babi ne za a yi wa muzakara ba. Rabon guntayen kaso (partial fractions) da ninka matiris (matrix), misali, yawancinsu sabo ne da hannu, nuna musu ka ba su aiki da yawa. Ni nakan ware firiyod ɗaya a mako don tsofaffin tambayoyin WAEC, NECO da JAMB, kowa shi kaɗai, da agogo. Duk wanda ya taɓa zuwa makin takardun WAEC ya san akwai makin hanya daban da makin amsa, kuma amsa tsirara ba tare da hanya ba ba ta kawo cikakken maki. Yaron da ya saba a tare shi da "daga ina wannan ya fito?" ba ya tsallake layi a takarda.

A makin aikin zango ware kaso kaɗan don fitowa allo da yin tambaya mai ma'ana, ba tare da la'akari da ko amsar ta yi daidai ba. A kowane gwaji kuma sa tambaya ɗaya irin wannan: ga aikin wani ɗalibi, nuna layin da ya kuskure ka faɗi dalili. Tsohuwar hujjar nan da ke nuna wai 2 daidai take da 1 ta dace a nan, wadda ake farawa da a = b a ƙare da raba kowane gefe da a − b, wato da sifiri.

In abin ya ƙi

Zai ƙi wani lokaci. Ranar da rabin aji ba su taɓa tambayoyin a gida ba, kada ka yi faɗa, da yawansu daga makaranta gona suke wucewa, ko kasuwa, ko Islamiyya har magariba, ga rashin wuta. Ba su minti goma sha biyar su yi biyu a rukuni, a tattauna su. Lokacin girbin shinkafa da watan azumi rage tambayoyin zuwa huɗu. In kuma ka ga tushen ne babu, yara ba su iya haɗa kaso da kaso ba, tsaya ka gyara wannan tukuna, domin ba a muzakara a kan abin da ba a taɓa ji ba.

Tambayar da nake rufe babin kwadiratik da ita, don share fagen jeri da logaridim, ita ce wannan. Mai shago ya ba yaronsa zaɓi na kwana 30: ko naira 10,000 kullum, ko naira 1 ranar farko, 2 rana ta biyu, 4 ta uku, kullum ana ninkawa. Sa su zaɓa da ɗaga hannu kafin kowa ya taɓa biro, ka rubuta yawan kowane ɓangare a kusurwar allo. Na farko zai tashi da 300,000. Na biyu yana baya har rana ta 17, inda yake da 131,071 a gaban 170,000, sai a rana ta 18 ya sha gaba, yana da 262,143 a gaban 180,000, ya ƙare wata da 1,073,741,823. Kada ka faɗa musu ko ɗaya daga cikin lambobin nan. Ƙara musu dai layi ɗaya a ƙasa: a wace rana ce kuɗin yini ɗaya zai fara haura miliyan, kuma za a iya sanin ranar ba tare da an bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya ba? Ranar Litinin ka fara da rukunin da suka ƙirga da hannu har suka kai rana ta 21, sannan ka kira wanda ya rubuta 2 da ƙaramar n a kanta ya tsaya bai san yadda zai sauko da ita ba.